Ranar Cire Albasa Ake Auna Bakin Ruwa

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, damina ta zo, babana ya ce gona ta fi bukatata, shi ke nan. Abin da na sani na duniya wuri biyu na samo shi: gindin murhun kakata, da teburin gyaran rediyo da nake zaune a bayansa a kasuwar Magariya yau shekara da shekaru. Na daɗe ina zaton wuraren nan biyu ba su san juna ba. Sai daga baya na gane ashe magana ɗaya suke faɗa mini.

Ƙauyenmu yana kusa da Dantchiao, a bakin korama, inda ake noman rake da albasa. Lokacin sanyi, da an ci tuwo bayan magariba, Kaka Tasalla za ta hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, ta jawo kwandon gyaɗar iri, ta ba kowane jika ƙoƙonsa. Ba ta yin tatsuniya kyauta. Takan ce tatsuniya ba ta shiga kunnen wanda hannunsa ke zaune. Sai mu yi ta ɓarar gyaɗa, gabanmu zafi, bayanmu sanyi, hayaƙi na bin wanda ya ga dama.

A cikin jikokin, mu biyu ne sa'o'in juna, ni da Lawali. Babana da uwar Lawali ciki ɗaya suka fito, cikin Kaka Tasalla. Ka ga ke nan Lawali taubashina ne, abokin wasa. A wurinmu taubashi yana da izinin da ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ba shi da shi. Ya zage ka, ya fizge hularka, ya ci abincinka, ba ka da damar fushi. Tun muna ƙanana “bawana” yake kirana, ni kuma ina ce masa ɓarawon gyaɗa, kuma ba ƙarya nake masa ba. Da na juya kai sai ya ɗebi wadda na ɓare ya zuba a ƙoƙonsa.

“Kaka, ya kwashe mini.”

“Taubashinka ne, maigidana. Haɗiye. Wanda ya yi fushi da taubashi ya yi fushi da inuwarsa.”

Sai in haɗiye. Ita kuma ta tono wutar da sanda ta ce, “Ta taso daga gindin murhu.” Mu amsa, “Ta zauna, mun ba ta tabarma.” Haka take buɗe tata, ban taɓa jin wani ya buɗe haka ba.

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya. Guda ɗaya ce ta maƙale, ta Bududdugi da Gafiya.

Wai wata tsohuwa ce take da lambun albasa a bakin korama, ba ta da ɗa ba ta da jika. Albasa kuwa ba ta son ƙishirwa, ba ta son nutso, so take ruwa ya tsaya mata daidai wuya. Korama kuma ba ta da alkawari, yau ta cika ta batse, gobe ta janye. Sai tsohuwa ta nemi mataimaka biyu. Ta ajiye Gafiya a bakin magudana, inda ruwa ke baro korama, ta riƙa matse bakin da laka don kada ya shigo da yawa. Ta ajiye Bududdugi, ƙaton kwaɗon nan, a kan fangalin farko. Duk ruwan da ya wuce wuyan albasa, shi zai haɗiye, ya riƙa sakinsa a hankali cikin rairayi ta baya. Suka yi rantsuwa. Gafiya ta ce, ni na tsare baki. Bududdugi ya ce, ni na tsare tsayi.

Nan Kaka za ta kumbura kumatu, wutar na haska fuskarta, ta ce da murya mai kauri, “Gwam, na sha. Gwam, na ƙara. Albasa tsaya inda kike.” Mu yi ta dariya har wani ya zubar da ƙoƙonsa.

Da farko Gafiya ta matse bakin ya yi yawa. Albasa ta yi yaushi, Bududdugi ya zauna a bushe ba abin haɗiya. Tsohuwa ta yi faɗa, aka ɗan buɗe, har aka samu daidai. Lambu ya yi kyau. Ana nan sai kabewar maƙwabci ta yaɗo ta ƙarƙashin shinge. Kabewa kuwa mashayiya ce. Ta riƙa yi wa Gafiya daɗin baki: ƙawata, ƙara buɗewa kaɗan, in na nuna ƴaƴan cikina naki ne. Gafiya ta yage laka, baki ya faɗaɗa. Kuma ba abin da ya faru, don kabewa na sha, albasa na sha. Bududdugi ne kawai ya ce, “Ƙawata, ruwan nan kamar ya ƙaru.” Gafiya ta yi dariya ta ce, “Cikinka ne ya tsufa.”

Sai ranar cire albasa ta zo. Tsohuwa ta tumɓuke duka ta shanya a gefen fangali. Maƙwabci ya yanke kabewarsa. A ranar kuma aka yi ruwa a can sama, korama ta cika. Ruwa ya shigo ta faffaɗan baki, babu mai sha a lambun nan sai mutum ɗaya. Bududdugi ya haɗiye, ya ƙara, ya ƙara, don ya yi rantsuwa. Ya kira Gafiya, tana can tana cin ƴaƴan kabewa. Ya haɗiye har ya fashe. Ruwa ya share fangali, ya tafi da albasar da aka shanya. Tsohuwa ta fito ta ga fatar Bududdugi a kan laka ta ce, “Ga wanda ya cuce ni.” Gafiya na tsaye a gefenta tana gyaɗa kai.

Nan Kaka takan tsaya ta dube mu. “To, mazajena, wa ya ɓata lambu?”

Lawali, baki cike da gyaɗata, ya ce, “Bududdugi mana. Wa ya ce ya fashe?”

Na ce, “Gafiya ce.”

Ta ce, “Kowa ya faɗi nasa. Ni abin da na sani, ɓarnar Gafiya ba ta nunawa ranar da kowa ke jin ƙishirwa. In za ka auna bakin ruwa, ranar cire albasa ake aunawa, ranar da korama ta cika, mashaya sun watse, saura mutum ɗaya.” Sai ta karkaɗe zaninta ta ce, “Na naɗe tabarmata. Wanda ya tsinci ƙarya a ciki, tasa ce.”

Na girma, na tafi Damagaram na koyi gyaran rediyo, na dawo Magariya na kafa tebur. Kaka ta rasu. Tatsuniyar ta kwanta a wani lungu na kaina, ban ƙara taɓa ta ba.

Sai zamanin pano ya zo. Kowane gida, har rugar makiyaya, an samu ɗan faifan hasken rana da batir. Mutane suka gaji da sayen pil, ƙananan batiran nan na rediyo, suka fara zuwa suna cewa, Mutari, ba yadda za a yi rediyo ta ci daga batir? To rediyo mai pil huɗu bolt shida take so. Batir kuwa goma sha biyu ne, kuma ba shi da alkawari. Da tsakar rana, in pano na cika shi, ya haura goma sha huɗu. Da yamma, in an sha shi, ya faɗo ƙasa da goma sha biyu. In ka haɗa rediyo kai tsaye, ka yi mata sallama.

Ubangidana na Damagaram, Allah ya jiƙansa, ya nuna mini maganin abin da ƙananan kaya biyu. Na farko zenar, ɗan gilashi ne kamar ƙwayar shinkafa, da baƙin zobe a wuya. Aikinsa ya tsayar da wuta a bolt shida. Duk abin da ya yi sama da haka, shi ke haɗiyewa ya mai da shi zafi a jikinsa. Na biyu rezistans, mai zanen launuka a ciki, ana sa ta a gaba, tsakanin batir da zenar, ta matse hanyar wuta. Ranar da na fara liƙa su da dalma na ajiye ƙarfen liƙi, tatsuniyar Kaka ta faɗo mini. Ga Bududdugi, ga Gafiya, ga albasa.

Duk wahalar aikin tana wurin zaɓen rezistans. In ka sa mai matsewa da yawa, da yamma batir ya yi sanyi, ka ɗaga murya, rediyo ta shaƙe tana kakari, zenar na zaune a bushe. In ka sa mai faɗi, rediyo za ta yi ta zuba murya raɗau, kowa ya yaba maka. Amma ranar da mai ita ya kashe ta da tsakar rana ya tafi gona, ya bar waya a jikin batir, duk wutar da rediyo za ta sha sai ta koma kan zenar shi kaɗai. Don haka sau biyu nake aunawa. In ɗauki batir a mafi rauninsa, in cire shida, in ga ko ragowar za ta iya tura abin da zai ƙosar da rediyo. Sannan in ɗauke shi a cikarsa, rediyo a kashe, in ga ko zenar zai iya ɗaukar abin da ya rage. Tsakanin waɗannan biyun na samu tawa, mai ƙarfin matsi om sittin da takwas. Ni da launi na san ta: shuɗi, toka, baƙi. Kuma mai kauri nake sawa, don ita ma tana shan zafi. Bayan lissafi sai yatsa. In haɗa kayan da batir da tsakar rana, rediyo a kashe, in taɓa zenar. In ɗuminsa kamar na ƙwan da kaza ta tashi a kai ne, zai rayu. In na janye yatsa ba shiri, gawa ce, ba ta dai kwanta ba.

Ina zuba su cikin robar man shafawa da ta ƙare, waya biyu ta shiga, waya biyu ta fita. Ban raɗa mata suna ba. Mutane ne suka riƙa cewa a ba su “ƴar Mutari”. Ba ni da gida mai bene, ba ni da shanu. Sunan nan shi ne abin da na tara.

Lawali kuwa ya zama ɗan kasuwa mai babur, yau Mallawa, gobe Dungass, jibi ya tsallaka iyaka. Allah ya ba shi baki. Shi ya ce in riƙa haɗawa yana kai wa ƙauyuka, kuma abin ya tafi daidai, ba zan ɓoye ba. Sai wata rana ya zo ya zauna a kan bencina, ya ɗauke kofin shayina ya shanye.

“Bawana, ƴarka ba ta da murya.”

“Wace rediyo ka sa mata?”

“Sababbin nan masu kati, masu ƙaton lasifika. Kowa su yake saye yanzu. Da an ɗaga murya sai ta kama tari kamar tsohon jaki. Ana yi mini dariya a kasuwa.”

“Ba don su na yi ta ba. Waɗannan mashaya ne, wata dabara suke so, ba zenar ba. Ka ba ni lokaci in nemo kayan.”

“Kasuwa ba ta jiran lokaci. Buɗe mata baki kaɗan mana.”

“In na buɗe, ranar da aka kashe rediyo za ta ƙone. Ka manta da Gafiyar Kaka?”

Ya yi dariya har yana bugun cinya. “Kai har yanzu kana gindin murhu. Furfura a gemu, kana ɓarar gyaɗa.”

Ya kwashi kaya ya tafi. Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ta mutu. Abin da na lura kawai, kayan sun fara ƙarewa da sauri fiye da da.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina liƙa wayar wata fitila, sai na ga inuwa ta rufe teburina. Mutane ne, sun fi a ƙirga da hannu ɗaya, kowa da rediyo a hammata. A gabansu wani dattijo makiyayi daga wajen Mallawa, Baffa Sambo, wanda idonsa ya fara rauni. Na san shi, na san rediyonsa, tsohuwa ce mai rigar fata da ya ɗinka mata da hannunsa. Ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye mara lafiya, ya ajiye robar man shafawa a gefenta. Robar ta narke ta gefe ɗaya.

“Malam Mutari, na kashe ta na tafi shayar da shanu. Na dawo na tarar da wari. Na kunna, ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru. Ita ke gaya mini duniya tun da ido ya ƙi.”

Na buɗe robar. Zenar ya tsage biyu, ya yi baƙi. Da ya mutu, wutar batir gaba ɗaya ta wuce cikin rediyo. Na duba rezistans. Ba shuɗi, ba toka. Ja, ja, baƙi. Om ashirin da biyu, baki ya ninka faɗi har uku. Liƙin dalmar kuma dunƙule kamar kashin akuya, ba hannuna ba ne. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta uku. Ja, ja, baƙi.

Na ɗaga kai zan yi magana, sai na gan shi. Lawali yana cikinsu. Shi ya rako su. Ya ratso gaba yana murmushi, ya dafa kafaɗar Baffa Sambo.

“Bawana, ka ga abin da hannunka ya yi wa bayin Allah? Na ce maka ido ya tsufa, ka sayi tabarau, ka ƙi. Ni dai talla kawai nake, Baffa. Sunan wa ke kanta?”

Da muryar wasa ya faɗa, irin wadda yake ce mini bawana in ce masa ɓarawo. Maƙwabtana na kasuwa da suka san mu taubasai ne har wani ya yi ƴar dariya. Amma baƙin nan ba su san wasa ba ne. Shaida suka ji. Na ce, “Wannan rezistans ba tawa ba ce, an canza ta.” Lawali ya ce, “Kun ji ko? Aljanu sun shiga roba.” Wa zai tsaya duba launin abin da bai kai ƙwayar wake ba? Mutum ya zo da rediyonsa a mace, ga wanda sunansa ke kan kaya a zaune.

Na gyara waɗanda suka gyaru. Ta Baffa Sambo ba ta tashi ba, wutar ta cinye ta har zuciya. Na ɗauko tawa da nake saurare a kan tebur na miƙa masa. Ya shafa ta da hannu, ya turo mini ita.

“Bar ta, Malam. Ba na karɓa sau biyu daga hannu ɗaya.”

Ya ɗauki gawar rediyonsa ya sa a hammata ya tafi. Zagin duniya bai kai mini wannan ba.

Na je ƙauye wurin Gwaggo Hajara, uwar Lawali, da rezistans ɗin a tafin hannuna. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ce ƙarya nake ba. Ta san ɗanta.

“Mutari, ɗana, ba a kai ƙarar taubashi. Abin da ya yi maka, a wasa ya tafi. Haka muka tarar.”

“Gwaggo, wasa ne ya ƙone rediyon makaho?”

“Uwata da ta raine ku a kan tabarma ɗaya, da tana da rai, me za ta ce maka?”

Na san abin da za ta ce. Kalma ɗaya ce, tun ina yaro nake jin ta. Na tashi na yi wa Gwaggo sallama.

Labari ya riga ni zagaya kasuwanni. Yanzu a wajen Mallawa, in fitila ta ƙone ko cajar waya ta yi hayaƙi, sai a ce ta yi ƴar Mutari. Har a gabana wani ya faɗa, bai san ni ba ne. Lawali ya koma sayar da wasu kaya daga tsallake, kasuwarsa ba ta ko yi tari ba.

Bayan salla aka yi suna a ƙauyenmu, dangi duk sun taru a ƙarƙashin darbejiya. Ina zaune sai na ji an fizge hulata ta baya.

“Bawana, ka zo cin tuwon banza?”

Kowa ya juyo yana jiran in ce ɓarawon gyaɗa, a yi dariya, magana ta wuce. Na miƙe tsaye. Na ba shi hannu biyu, na ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon da ake ganin girmansa.

“Malam Lawali, barka da zuwa. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya hanya?”

Murmushin ya tsaya masa a rabin fuska. “Kai, bawana, mene ne haka?”

“Lafiya lau, Malam Lawali. In ba damuwa, a taimaka mini da hular.”

Tsofaffi sun gane kafin shi. Ya tsaya da hula a hannu kamar wanda aka ba ajiyar abin da bai san inda zai sa ba. Sannan ya miƙo mini. Na yi godiya, na sa, na zauna. Gwaggo Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban yanke wayar da ke tsakaninmu ba. In ka yanke waya, rediyo ta yi shiru gaba ɗaya, kuma zumunci ba nawa ba ne ni kaɗai. In ya yi rashin lafiya zan je, in ya mutu zan ɗauki makara. Matse bakin kawai na yi. Gaisuwa tana wucewa, wasa ba ya wucewa.

Wani lokaci, in kasuwa ta yi shiru, har Kaka Tasalla nakan ji haushinta, Allah ya gafarta mata. Baki ɗaya ne ya ce mini haɗiye, shi ne kuma ya ba ni labarin wanda ya haɗiye har ya fashe. Ban san wanne take so in riƙe ba. Abin da nake tunawa kawai, in ta zo wurin ranar cire albasa, ba Lawali take kallo ba. Wataƙila ta san cikin mazajenta biyu wa aka ajiye a kan fangali.

Na zauna da mutumin nan tun muna tsirara, amma kullum a ranar da kowa ke sha nake ganinsa. Ban taɓa auna shi ranar da mashaya suka watse ba, alhali ko robar man shafawa ba na barin ta fita daga hannuna sai na yi mata wannan awon.

Har yanzu ina haɗa su, ko da masu saye sun yi ƙaranci. Shuɗi, toka, baƙi. Da tsakar rana in kashe rediyo, in ɗora yatsa a kan zenar. Ɗumi ne kawai, kamar na ƙwai. Shi an tsare masa baki.